Yadda Za Ka Rage Bibiyar Kukis a Wayarka

Ka duba kuɗin ɗaki kusa da Harami a Madina sau ɗaya, washegari tallan otal ya bi ka har shafin labarai. Aikin kukis ne: 'yan ƙananan fayiloli da kamfanonin talla ke ajiyewa a burauzarka (manhajar da kake buɗe shafukan intanet da ita) da lambar shaida, su riƙa gane ka duk shafin da ka shiga mai ɗauke da tallansu.

Idan Chrome kake amfani da shi:

1. Taɓa ɗigo uku na sama, ka shiga saituna, sannan sashen sirri da tsaro.

2. Nemo kukis na ɓangare na uku, wato waɗanda ba na shafin da kake ciki ba, ka toshe su. Su ne 'yan leƙen asirin. Na shafin kansa kuwa su ke riƙe maka shiga, bar su.

3. Goge tsofaffin kukis. Amma fa ka tabbatar kana tuna kalmomin sirrinka, domin shafuka da yawa za su fitar da kai.

4. Idan shafi ya nemi ka yarda da kukis, kar ka danna karɓar duka don gaggawa. Zaɓi na dole kawai.

Masu iPhone sun huta kaɗan, tun 2020 Safari, burauzar iPhone, ke toshe kukis na ɓangare na uku da kansa.