Darasi: Shin Dutsen da ke Saman Wata Duniya Zai Iya Ƙunsar Ƙanƙara?

Hotunan da kumbunan bincike ke aikowa daga duniyar Mars kan nuna jan fili, busasshe ƙayau, da duwatsu barbaje ko'ina. Wani lokaci a hango fari-fari a jikin dutse ko a cikin rami, sai mai kallo ya ce ai ga ƙanƙara nan. Akwai lokacin da ya yi gaskiya, amma sau da yawa ba ita ba ce. A wannan darasi za ku koyi abin da ƙanƙara ke bukata kafin ta zauna cikin dutse, da yadda masana ke bambanta ta da abubuwan da suka yi kama da ita.

Gurbi, sanyi da rufi

Ƙanƙara ba ta shiga cikin naman dutse. Cikin gurabensa take zama: 'yan ƙofofi, tsagu, da ratar da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa. Dutse mai tauri wanda ba shi da ƙofofi ba ya riƙe komai sai a tsagarsa. Yawancin duwatsun Mars daga aman wuta suka fito, kuma wasunsu na da ramuka inda iska ta kumbura kafin su sandare. Amma babbar ma'ajiyar ita ce ƙasa mai wargaje da ta lulluɓe duniyar, domin sulusinta ko fiye duk gurbi ne.

Sanyi kuwa akwai shi har ya yi yawa. Matsakaicin yanayin Mars ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. To me zai hana ƙanƙara zama a fili ko'ina?

Iska ce. Nauyin iskar duniyarmu a bakin teku ya ɗan haura miliba 1,000, na Mars kuwa wajen miliba 6 ne, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma busasshiya ce ƙwarai. A irin wannan hali, idan rana ta bugi ƙanƙara ba ta tsayawa ta zama ruwa. Kai tsaye take komawa tururi ta bi iska, ba ta barin ko danshi. Kusa da ikwaita, wato layin da ya raba duniyar biyu a tsakiya, zafin tsakar rana kan kai digiri 20 sama da sifili. Dutsen da ke zaune a fili a wannan yanki, ko da ya taɓa ƙunsar ƙanƙara, tuni ta fice daga ƙofofinsa.

Shi ya sa rufi ke da muhimmanci. Busasshiyar ƙura mai kaurin 'yan santimita tana tare zafin rana, tana kuma rage saurin fitar tururi. Iya kusancin wuri da ƙarshen arewa ko ƙarshen kudu, iya ƙarancin rufin da ƙanƙara ke bukata.

Gwajin da za ku yi da hannunku

Ku nemi kofin roba mai garai-garai, da busasshen yashi, da ruwa, da cokali, da firiza. Kada ku ɗauki kofin gilashi, domin ruwa na ƙara girma da kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, zai iya fasa shi.

1. Ku zuba yashi har kashi uku cikin huɗu na kofin, ku ɗan bubbuga shi ya zauna, ku ja layi a daidai samansa.
2. Ku riƙa zuba ruwa cokali-cokali kuna ƙirgawa, har ya fara ƙyalli a saman yashin. Ku lura cewa yashin bai wuce layin ba, alhali ya sha ruwan da ya kai kusan sulusin girmansa. Gurbin da muka ambata ke nan.
3. Ku tsiyaye duk ruwan da ya kwanta a sama, ku sa kofin a firiza kwana ɗaya. Ku gwada tona shi da cokali: yashin da yatsa ke shiga jiya ya koma tamkar siminti.
4. Ku mayar da shi a buɗe, ku bar shi mako uku ko huɗu, sannan ku kankare samansa da farce. Za ku ji ƙwayoyin sama sun bushe suna warwarewa, ƙasa kuwa na nan da taurinsa.

Gwajin kan ɓaci ta hanyoyi da aka sani. Idan yashin na da danshi tun farko, zai sha ruwa kaɗan, ƙirgenku ya fito ba daidai ba. Idan kun bar ruwa ya kwanta a sama, zai daskare ya zama murfi, sai ya ƙare kafin yashin ya fara bushewa. Idan wuta ta ɗauke har ya narke, a sake daga farko, domin abin da ake son gani shi ne bushewa ba tare da narkewa ba. Firizar da ke tara ƙanƙara a bangonta kuma iskarta na da laima, aikin zai yi jinkiri sosai. Wadda ke da fanka a ciki ta fi dacewa.

Abin da aka tarar a Mars

A 2002 kumbon Mars Odyssey na hukumar NASA ta Amurka ya auno sinadarin haidirojin mai yawa a cikin mita ɗaya na saman ƙasa, daga wajen digiri 60 na arewa da na kudu (digiri a nan ma'aunin nisa ne daga ikwaita, ba na zafi ba) zuwa ƙarshen duniyar. Haidirojin ɗaya ne daga sinadarai biyu da suka haɗu suka yi ruwa. Alama ce mai ƙarfi, amma ba wanda ya taɓa ƙanƙarar tukuna.

Kumbon Phoenix ne ya taɓa ta. Ya sauka ranar 25 ga Mayu, 2008, a wajen digiri 68 na arewa, da hannun tono mai ɗauke da ɗan cebur. Da ya kwashe ƙasa ta kimanin santimita 5, sai ya ci karo da wani abu fari mai tauri. Masana ba su yi gaggawar yanke hukunci ba, domin gishiri ma fari ne. Sai suka ɗauki hoton wasu 'yan gutsattsari a cikin ramin, suka sake ɗauka bayan kwana huɗu: gutsattsarin sun ɓace. Gishiri ba ya ɓacewa haka. Duk da wannan, sai da aka zuba ƙasar a ɗan murhun da ke jikin kumbon aka ɗumama ta, aka ga wani abu a cikinta ya narke a daidai digiri sifili, sannan aka sanar a ƙarshen Yuli cewa ƙanƙarar ruwa ce.

Kai ƙasar cikin murhun ma ya ba da wahala. Daskararriyar ta yi tauri har sai da aka goge ta da magogin ƙarfe, abin da aka gogo kuma ya manne a cebur ya ƙi zubowa. Da aka bar wani ɗiba a buɗe kwana biyu, wani ɓangare na ƙanƙarar ya bi iska, sannan ƙasar ta saki.

Daga sama kuma, kyamarar kumbon Mars Reconnaissance Orbiter ta ga sababbin ramukan da duwatsun sama suka haƙa da suka faɗo, ƙasansu fari fat, bayan 'yan watanni farin ya dusashe. A 2018 aka bayyana wasu gaɓoɓi takwas masu tsayi, tsakanin digiri 55 da 58, inda zaizaya ta tona ƙanƙarar da ta fara daga mita ɗaya ko biyu ƙarƙashin ƙasa, kaurinta a wasu wuraren ya haura mita 100. Ranar 24 ga Disamba, 2021, wani dutse ya faɗo a yankin Amazonis Planitia, ya haƙa rami mai faɗin mita 150, ya watso manyan dunƙulen ƙanƙara a bakinsa. Wannan a wajen digiri 35 na arewa ne, kusa da ikwaita fiye da duk inda aka taɓa ganinta kafin lokacin.

Abubuwan da ke ruɗar mai bincike

A nan ne aka fi yin kuskure, saboda haka ku natsu.

Fari ba hujja ba ne. Kumbunan Opportunity da Curiosity masu tafiya a kan taya sun tarar da fararen jijiyoyi a tsagun duwatsu. Ba ƙanƙara ba ce, ma'adini ne dangin jifsum, wanda ruwa ya bari a tsagun tun zamanin da yake gudana.

Haidirojin ma ba hujja ba ne shi kaɗai. Ma'adinai irin su jifsum da yumɓu na riƙe ruwa a cikin ginin ƙwayoyinsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsum ruwa ne. Curiosity, wanda ya sauka a ramin Gale kusa da ikwaita a 2012, ya gasa ƙasar wurin zuwa digiri 835, ruwan da ya fito ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinta. Ruwa ne na gaske, amma ɗaurarre ne, sai da wuta mai tsanani yake fita. Na'urar da ke auna haidirojin daga sama ba ta bambanta shi da ƙanƙara.

Akwai kuma wata ƙanƙarar da ba ta ruwa ba. Kashi 95 cikin 100 na iskar Mars kabon-dayoksaid ce, kuma da hunturu, idan sanyi ya kai wajen digiri 125 ƙasa da sifili, ita ma daskarewa take yi ta rufe ƙasa fari fat. Da auna zafin wurin ake ganewa: idan farin na nan bayan wuri ya ɗumama fiye da haka, ba ita ba ce. Sai kuma daskararriyar raɓa, wadda kumbon Viking 2 ya ɗauki hotonta a kan duwatsu a 1979. Ta ruwa ce, amma siririya ce ƙwarai, a fatar dutse take, ba a cikinsa ba.

A ganinmu, mai bincike na ƙwarai ba ya yarda da shaida ɗaya. Sai launi, da zafin wurin, da ɓacewar abin, da gwajin murhu sun yi magana guda.

Sauran duniyoyi

Zara, wadda zafin samanta ya haura digiri 460, ba ta da wurin ƙanƙara ko kaɗan. Makyuri ta fi kowace kusa da rana, zafin yininta na kaiwa digiri 430, amma a 2012 kumbon MESSENGER ya tabbatar da ƙanƙara a cikin ramukan ƙarshen arewarta, waɗanda hasken rana bai taɓa leƙa ƙasansu ba. Haka a Wata: ranar 9 ga Oktoba, 2009, aka jefa wani ɓangaren roka da gangan cikin ramin Cabeus, kumbon LCROSS ya auna ƙurar da ta tashi, aka samu ruwa wajen kashi 5 cikin 100. A waɗannan wurare inuwa ce ke yin aikin rufi.

Aiki

Ku karanta wannan da ƙarfi, sannan ku rubuta amsa a jimla biyu ko uku. An aiko hoton dutse a fili kusa da ikwaitar Mars, da farin layi a tsagarsa. Bayan wata guda an sake ɗaukar hoton, layin na nan yadda yake. Ƙanƙara ce ko ba ita ba ce? Waɗanne dalilai biyu za ku kawo?

Ku kuma rubuta adadin cokulan ruwan da yashinku ya sha, ku gwada da na abokan karatunku. Idan adadin ya bambanta, ku duba girman kofunan, da laushin yashin, da ko akwai wanda ya fara da yashi mai danshi.