Harajin shekarar rasuwa a Amurka: kurakuran da aka fi yi

Hukumar haraji ta Amurka, IRS, ba ta rufe fayil ɗin mutum don ya rasu. Duk abin da mamaci ya samu daga 1 ga Janairu zuwa ranar da rai ya yi halinsa, sai an cike masa fom 1040, wato takardar harajin kuɗin shiga ta shekara, kuma wa'adi yana nan a 15 ga Afrilun shekarar da ke biye. 'Yan uwanmu mazauna yankin Bronx na New York da sauran birane sukan sha'afa da wannan, musamman idan wa'adin ya faɗo mace na cikin takaba. Babu buƙatar fita: fom 4868 yana ɗage cikewa zuwa 15 ga Oktoba. Sai dai takardu kawai yake ɗagewa. Idan ana bin ku kuɗi, biya na nan a Afrilu, in ba haka ba ruwa da tara su hau.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne mace ta cike a matsayin marar aure tun a shekarar rasuwar. Ko da a watan Janairu maigida ya rasu, doka ta ba ta damar cikewa tare da shi a matsayin ma'aurata na wannan shekarar gaba ɗaya, kuma rangwamen ma'aurata ninki biyu ne na mutum ɗaya. In a takarda za a cike, ba ta intanet ba, a rubuta sunansa da ranar rasuwa a saman fom, ta sa hannu a matsayin matar da ya bari. Shekaru 2 da ke biye, idan akwai ɗa ko 'ya a hannunta kuma ba ta sake aure ba, za ta ci gaba da cin moriyar ma'aurata ta akwatin Qualifying surviving spouse. Da yawa ba su ma san da shi ba.

Maza kuwa, ga inda suke tuntuɓe. Wanda matarsa ta rasu a Maris, dangi suka matsa ya yi sabon aure a Nuwamba, ba zai haɗa fom da marigayiya ba. Da amarya zai cike, ita kuma marigayiya a cike mata nata daban. Ranar 31 ga Disamba ce ma'auni, wanda ya bari sai Janairun shekarar da ke biye ya ɗaura aure bai rasa komai ba.

Sai kuɗin da suka shigo bayan rasuwa, kamar hayar gida ko ribar hannun jari da ke da sunan mamaci shi kaɗai. Waɗannan na dukiyar gado ne, kar a zuba su a fom ɗinsa. Idan sun kai dala 600 a shekara, fom 1041 ake cikewa, da lambar haraji ta daban.

A ganina, gaggawar rabon gado ta fi duka haɗari. Ko a shari'a ma bashi ake fara fitarwa. Wakilin da ya raba dukiya alhali ya san gwamnati na bin mamaci haraji, ana iya cewa ya biya daga aljihunsa, kuma kuɗin da aka riga aka tura wa magada a Kano ko Maraɗi da wuya su dawo.