Yadda ake bin salsalar dangin Turawan Ingila ta rajistar coci

Ƙanena da ke Ingila Baturiya ya aura. Bara da suka zo hutu nan Garwa 'yarsa ta zauna gaban Goggo aka jero mata kakannin ubanta har bakwai da ka, sai ta juyo ta ce min, "Baffa, to na wajen Mama fa?" Wallahi tambayar nan ta tsaya min a rai, na sayi data na duƙufa.

Su can abin a takarda yake. Tun 1538 Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila, ya sa kowace cocin gari ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne gawa, amma kar ka yi tsalle can, fara da wanda aka sani ka dinga ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Daga Yulin 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kamar yadda muke zuwa meri (ofishin magajin gari) karɓar akt, wato takardar haihuwa, wannan ka duba shafin intanet na FreeBMD kyauta ne. Sai ƙidayar 1851, tana faɗin garin da aka haifi mutum, nan ne bakin zaren, don in ba ka san garin ba ba ka san cocin ba. Ka samu garin? To shiga shafin FreeREG ko FamilySearch ka nemi rajistar cocinsa.

Nan fa ake zamewa. Ranar da ka gani ta baftisma ce ba ta haihuwa ba, wani ma sai ya yi wayo ake kai shi. Sunan dangi kuwa yadda limamin coci ya ji haka ya rubuta, gida ɗaya rubutu kala uku, ga John ɗan John a ƙauye guda kamar Muhammadu a wajenmu, ni sati biyu na yi ina bin wani ashe ba namu ba ne, saboda haka kar ka karɓi kowa sai sunan uba da gari da shekara sun dace. A tsofaffin littattafai za ka ga Latin, Gulielmus shi ne William. Kafin 1752 kuma shekara daga 25 ga Maris take farawa.

Daga 1754 ango da amarya na sa hannu a rajistar aure. Na samo wani shafi, tawada ta koɗe, kakar kakarsu ba ta iya rubutu ba sai alamar X ta yi a karkace kusa da sunanta. Shi na fara tura wa yarinyar ta WhatsApp.