Yadda Mace Mai Matsakaicin Shekaru Za Ta Haɗa Kayan Ofis Masu Kyau Da Kuɗi Kaɗan

Na daɗe ina aikin ofis, kuma abu ɗaya nake ta gani wurin mata sa'o'ina. Mace ta haura arba'in, an ƙara mata girma ko ta dawo aiki bayan rainon yara, sai ta ware rana guda ta shiga shago ta kwaso kaya leda uku. Bayan wata biyu za ki ga ta koma kan riguna biyun nan da ta saba, sauran suna rataye a sif, ko takardar shago ba a cire musu ba. In kika tambaye ta sai ta ce ai dama araha ba ta ado. Ni ban yarda ba. Na ga kaya masu tsada sun zauna wa mace kamar na aro, na kuma ga jaket na gwanjo ya hau jikin wata kamar dominta aka yanka shi. Abin da ya raba su zaman kaya a jiki ne, shi kuwa da tef ɗin awo da haƙuri ake samun sa.

Kafin ki taɓa kuɗinki, ki yi mako guda kina lura da matan da ke gaba da ke a wurin aikin. Banki daban, makaranta daban, ofishin da ake karɓar baƙi ma daban. Sannan ki fito da duk abin da ke sif ɗinki ki zube a kan gado, ki gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi miki yau, ki ajiye gefe. Wanda kike jira sai kin rame, ki fitar da shi daga lissafi. Wannan ba ya ɗaukar fiye da yammaci ɗaya.

Mataki na gaba shi ne awo, kuma a nan mata da yawa suke noƙewa. Tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da al'ada ke ɗaukewa ga yawancin mata, jiki yana sauya wurin da yake ajiye ƙiba. Ko nauyinki bai ƙaru ba, ƙugu yana cika, damtse yana ƙara kauri. Halitta ce, babu abin kunya a ciki, amma lambar da kika riƙe a ka tun kina 'yar talatin ta daina aiki. Ita ma lambar ba abin dogaro ba ce. Abin da ake rubuta wa 14 a Ingila, a Amurka 10 ne, a Jamus kuma 40, sannan kowane kamfani yana da nasa yankan, har ki ga riguna biyu masu lamba ɗaya wata ta fi wata da faɗin yatsu uku. Don haka ki samo tef, ki sa wata ta auna ki kina tsaye yadda kika saba tsayawa, ba tare da kin shanye ciki ba. Wurare shida nake so a rubuta: faɗin kafaɗa ta baya daga ƙashi zuwa ƙashi, ƙirji, ƙugu, kwankwaso a inda ya fi faɗi, kaurin damtse, da tsawo daga ƙugu zuwa inda kike so siket ko wando ya tsaya. Ki rubuta da inci da santimita duka, inci ɗaya santimita 2.54 ne, ki ajiye a waya. Ki sa rigar maman da za ki riƙa zuwa aiki da ita kafin a auna, in kuwa ta saki to ita za ki fara sayowa, domin duk rigar da aka ɗora a kan wadda ta saki ba za ta zauna ba.

Daga nan sai jerin abin da za ki saya. Ba ki buƙatar kaya da yawa. A 1985 wata mai zanen tufafi a Amurka, Donna Karan, ta fito da kaya guda bakwai kacal waɗanda ma'aikaciya za ta riƙa cuɗanya su da juna, kuma har yau dabarar tana aiki. Nawa lissafin shi ne na ƙasa uku, siket ko wando, riguna na sama biyar, jaket biyu, doguwar riga ɗaya. Uku sau biyar goma sha biyar ke nan, wato mako uku na aiki ba ki maimaita shiga ɗaya ba, tun ma ba a ɗora jaket ba. Sharaɗin dai kowace riga ta shiga da kowane siket. Shi ya sa na ƙasa da jaket nake cewa a tsaya kan launi biyu masu duhu, shuɗi mai duhu da ruwan toka, ko baƙi da ruwan ƙasa. Launi mai haske da zane a bar wa riguna na sama, su ne kusa da fuska, su ne kuma suka fi araha in an gaji da su. Baƙi biyu daga shago biyu ba sa zama iri ɗaya a hasken rana, kada ki haɗa su da sunan kwat da siket.

In kin shiga shago, hannunki ya riga idonki. Ki juya rigar ki nemo 'yar takardar da ke ɗinke a gefen ciki, ita ce ke faɗin gaskiyar yadin. Auduga da lilin suna shan iska, amma lilin kafin ki isa ofis ya yamutse. Foliyesta zalla ba ya yamutsewa kuma yana da araha, sai dai yana riƙe zafi da warin gumi, ga macen da zafin jiki ke taso mata ba zato kuwa wannan azaba ce a ɗakin taro. Biskos, wani yadi mai laushi da ake sarrafawa daga itace, yana da sanyi yana kuma zubowa da kyau a jiki, amma yana raunana in ya jiƙe, yana iya motsewa a wankin farko. Abin da na fi so ga siket da wando shi ne gaurayen yadi mai ɗan nauyi da ke da ilasten kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, wannan zaren roba da ke sa yadi ya ɗan miƙe ya koma. Riga ta sama kuma audugarta ta fi yawa. Ki damƙe gefen yadin a tafin hannu ki ƙirga goma ki saki, in ya fito kamar takardar da aka dunƙule, haka zai yi a bayanki da azahar. Ki ɗaga shi saitin fitila ki sa hannu a baya, in kina ganin yatsunki to abokan aikinki ma za su ga abin da ke ciki. Ki ja ɗinkin gefe a hankali, in zare ya buɗe ki mayar musu da abinsu.

Yanzu ga inda na taɓa faɗuwa, kuma inda nake roƙon ki ki ɓata lokaci: ɗakin gwaji. Lokacin da aka fara ba ni shugabancin sashe, na sayi jaket a rangwame, yadi mai kyau, shafin ciki mai santsi, maɓallai masu nauyi. Ƙirjina ya cika a lokacin, don haka na ɗauki wanda ya fi ni da lamba biyu domin maɓallin ya rufe. Na tsaya gaban madubi hannuwa a sake, na ga ya yi. Na kai wa tela ya rage kafaɗar, tunda ta zarce tawa da kusan inci ɗaya kowane gefe. Ya juya shi ciki waje, ya nuna mini da ɗan yatsa, ya ce, “Yaya, wannan sai na cire hannuwan biyu, na farke shafi, na sake yanka ramin hammata, sannan na mayar. Kuɗin aikin zai fi kuɗin rigar, kuma ba na miki alkawarin zai dawo daidai.” Na ƙi ji, na sa jaket ɗin haka ba gyara. Ranar da na tsaya gabatar da rahoto, duk ɗaga hannun da na yi zuwa allo sai kafaɗar ta taso ta nufi kunnena, hannun rigar ya rufe mini yatsu. Rabin hankalina yana kan jan riga, rabi kan abin da nake faɗa. Sau biyu na sa jaket ɗin nan.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce: kafaɗa ake saya, sauran a gyara. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga ya sauka daidai kan ƙashin ƙarshen kafaɗarki. In ya zarce, rigar ta yi miki kama da ta aro. In bai kai ba, za ta riƙa cizon hammata. Idan kafaɗa ta yi amma maɓallin jaket bai rufe ba, ki sa shi a buɗe, ko ki nemi marar maɓalli tun farko, babu mai tuhumar ki. A siket da wando kuma kwankwaso ake saya, ƙugu a rage. Mata suna yin akasin haka, su ɗauki wanda ƙugunsa ya yi, aljihu ya riƙa buɗe baki, yadi ya yi layi-layi a kan cinya.

Kuma kada ki gwada kaya a tsaye kawai, ai ba a tsaye kike wuni ba. Ki zauna a kan kujerar ɗakin gwajin. Siket yana hawa sama in an zauna, ki duba inda ya tsaya, ki ga ko za ki iya wuni a haka ba tare da kina jan sa ba. Ki ji ko ƙugun wandon yana yanka miki ciki, ya kamata yatsu biyu su shiga ba da ƙyar ba. Ki miƙa hannuwa gaba kamar kina buga kwamfuta, ki ɗaga su kamar za ki sauko da fayil, ki sunkuya kamar biro ya faɗi. Riga mai maɓalli a gaba, ki juya gefe ki duba madubi, domin ta nan ake ganin ramin da ke buɗewa tsakanin maɓalli da maɓalli a saitin ƙirji, ke mai rigar ba ki gani ta gaba. In ramin ƙarami ne, ɗan maɓallin matsawa a ciki zai rufe shi. In babba ne, ki bar ta. Mai shago za ta ce zai saki in an sa shi. Abin da ya matse ki a shago zai matse ki a ofis.

Tela kuwa ki sa shi cikin kasafi tun farko, ni kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin nake ware masa. Rage tsawo, rage ƙugu, tsuke gefe, rage hannu, canza zif, duk ƙananan ayyuka ne. Ƙara faɗi ne ba ya yiwuwa sosai, don yadin da kamfanoni ke bari a cikin ɗinki da wuya ya wuce santimita ɗaya da rabi. Wani abu mai araha da ke ɗaga kaya nan take shi ne a cire maɓallan roba masu ƙyalli a sa masu nauyi marasa ƙyalli. Ki je wurinsa da takalmin da za ki riƙa sawa, in ba haka ba kalmasar wandon za ta fito ko ta ɗage ko tana sharar ƙasa.

Game da wurin saye, jaket da siket na fi neman su a gwanjo, domin tsofaffin kaya masu shafi sukan fi sababbi masu araha ingancin yadi. Ki duba hammata, wuyan riga ta ciki, da tsakanin cinyoyin wando, nan ne tsufa ke fara nunawa. Yadin da guga ta sa ya yi ƙyalli ba ya gyaruwa. Riguna na sama kuma ki jira rangwamen ƙarshen yanayi, amma ki shiga da jerinki a hannu, abin da ba ya cikin jerin ba araha ba ne ko an raba kuɗinsa biyu. In ta intanet ne, a eBay ko Facebook ko wani wuri, ki ce mai sayarwa ta shimfiɗa rigar ta auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu, ya fi awon ƙirjinki da santimita 5 zuwa 10. Ki tambayi faɗin kafaɗa. Ki kuma tabbatar ana mayar da kaya kafin ki tura kuɗi. Duk wanda takardarsa ke ɗauke da alamar da'ira ana nufin wankin dirai-kilin ne, wato wankin kamfani da sinadari ba da ruwa ba, ki lissafa wannan kuɗin a kai, ni jaket kaɗai nake yarda da shi a haka.

Takalmi biyu sun isa, ki riƙa hutar da ɗaya. Ki gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, dunduniya mai faɗi wadda ba ta wuce santimita 5 ba. Jaka ɗaya mai tsayuwa da kanta, wadda takarda za ta shiga ba a naɗe ba. Wanki da ruwan sanyi, a juya kaya ciki waje, a shanya a inuwa don kada masu duhu su koɗe. Ki duba ɗigon da ke cikin hoton dutsen guga a takardar rigar: ɗigo ɗaya zafi kaɗan ne, kimanin digiri 110, biyu 150, uku 200. Duk mai ilasten ko foliyesta ki tsaya kan ɗigo ɗaya, ki shimfiɗa farin ƙyalle a kai kafin ki ɗora dutsen. Jaket kuma a rataye shi a hanga mai kauri da ta cika kafaɗarsa, hangar waya tana fitar masa da ƙaho a makon farko.