Yadda ake sa sikiliral lens ga mai bushewar ido, daga wanda ke fama da shi a Sakkwato

Duk mai bushewar ido a garin ga ya san mi nike nufi, hunturu na shigowa ido ya koma kamar an watsa mai yashi, ka ɗiga magani minti goma bai cika ba ya sake bushewa, ga ƙura ga iska in kana bisa mashin sai dai hawaye na zuba amma idon na raɗaɗi. Haka na sha wuya kafin dakta ya gwada min wanga lens da ake ce ma sikiliral.

Shi ba irin kwantak lens ɗin kwalliya ba ne da 'yan mata ke sawa ranar buki. Yana da tauri kuma ya fi shi faɗi, galibi daga milimita 14 zuwa sama da 20, gefenshi na zaunawa bisa farin ido ne, tsakiyar kuma ta yi rumfa bisa baƙin ido ba ta taɓa shi. Wannan rumfar ita ake cikawa da ruwa, to idonka na cikin ruwa ke nan wuni sur. Ana ba masu cutar Sjögren mai busar da ido da baki, da masu keratokonus wato gaban baƙin ido ya yi tsini, da waɗanda Stevens-Johnson, ciwon da ke saɓule fata galibi sanadin shan wani magani, ya lalata ma ido. Kuma don Allah kar ka yi odarshi ta intanet, awo ake yi na idonka kai kaɗai, ni sai da na koma sau uku kafin ya zauna daidai.

Sawa. Wanke hannu da sabulu marar turare marar mai, ka tsane da tawul da baya barin zare. Shimfiɗa tawul mai tsabta bisa tebur ka aza madubi kwance. Aza lens ɗin bisa ɗan robar riƙe lens da ake badawa, babban don akwai ƙarami na cirewa, ko ka haɗa yatsu uku ka ɗora shi. Sannan ka cika shi da ruwan salin 0.9%, wato ruwan gishiri na asibiti, wanda ba a sa mai maganin hana lalacewa ba, na ƙananan kwalabe da ake buɗewa a yi amfani a yar. Cika shi fal har ruwan ya yi tozo, nan ne mutane ke rowa kuma nan ne matsala ke farawa. Sunkuyar da kai har fuskarka ta kalli madubi sosai, haɓa kusa da ƙirji, ka buɗe fatar ido sama da ƙasa daga gindin gashin ido, ka kawo lens ɗin a miƙe. Za ka ji sanyin ruwa ya taɓa ido, kar ka ja da baya, ƙarasa a hankali sannan ka saki fatar.

Satin farko wallahi na fi rabin awa gaban madubi, ruwan na zubewa ina sake cikawa, har uwargida ta ce Malam ko dai a haƙura. Yanzu minti biyu.

Bayan ka sa duba madubi da kyau. In ka ga kumfa ko ɗan ƙarami cire ka sake, wajen da kumfar take bushewa zai yi kuma ganinka ba zai yi garau ba. In rana ta yi ka ga kamar hazo, cire ka ɗauraye da salin ka zuba sabo.

Cirewa da ƙaramin robar ne, ka jiƙa bakinshi ka manna a ƙasan lens ɗin kusa da gefe, ba tsakiya ba, in ka kama tsakiya zai riƙe ido gam ka ji zafi. Ka ɗan ɗaga gefen iska ta shiga sai ya fito.

Maganar ruwa ita ce na fi son a ji. Ruwan famfo, na rijiya, na randa, har fiya wata, ko ɗaya kar ya taɓa lens ɗin ko gidanshi, akwai ƙwayar cuta akantamiba da ke zama cikin ruwa, in ta kama ido tana iya makantar da shi. Kar ka haɗa ruwan gishiri da kanka a gida, kar ka sa miyau. Wajen alwala ni rufe ido nike gam in zan wanke fuska, in goge kafin in buɗe, wanka kuwa cire shi nike gaba ɗaya. Mata masu kwalli a fara sa lens kafin kwallin, kuma a bar zizara kwallin cikin ido.

Da dare a cire, ba a kwana da shi. Murza shi da ruwan wankinshi bisa tafin hannu, in mai haidurojin feroksaid 3% kake amfani da shi to sai ya yi aƙalla awa 6 cikin kofinshi na musamman kafin ya koma ido, in ba haka ba zai ƙone ka. Kuma da zafin watan Afrilu kar a bar kayan cikin mota.

In ido ya yi ja, ko zafi, ko haske na damunka, cire shi ka tafi asibitin ido ranar nan, ka riƙa lens ɗin da gidanshi dakta ya gani.