Sayar da kaya ta waya daga Sakkwato: daga sa farashi har kai saƙo tasha

Yawancin masu sayar da kaya ta WhatsApp a Sakkwato ba rashin masu saye ke karya su ba. Ciniki na tafiya, alat na shigowa, amma ranar da za a koma sari sai a tarar kuɗin hannu ba su kai na sarin farko ba. Ribar ta tsiyaye ne ta ƙananan kafofi da ba a taɓa rubutawa. Saboda haka kafin maganar talla, a fara da lissafi.

Mu ce ka saro atamfa turmi 10 daga Kantin Kwari a Kano, kowane turmi naira 12,000, jimla 120,000. Kuɗin mota zuwa Sakkwato 5,000. Ɗan dako da kabu-kabu daga tasha zuwa gida 1,500. Leda da salatif 1,000, data ta wata 4,000, cajin mai POS 500. Waɗannan ƙananan sun tashi 12,000, ke nan kowane turmi ya tsaya maka a 13,200, ba 12,000 ba. Wanda ya sa farashi 13,500 yana murnar ribar 1,500, alhali 300 kawai ya ci. Kuma da wuya turmi goma su ƙare babu wanda ya yi kwantai. Idan guda ɗaya ya ƙi tafiya har aka karyar da shi a 11,000, ribar sarin gaba ɗaya ta koma naira 500. Wahalar wata guda ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan cin jari: sa farashi bisa kuɗin da ka saya, maimakon kuɗin da za ka sake saye. Kafin ka ɗora kaya, kira wanda kake sari a wurinsa ka ji nawa turmin yake yau. Idan ya koma 13,000, daga nan lissafinka zai fara, ko da kayan tsohon sari ne. Sannan ka bar ɗan wurin ragi, domin mutanenmu ba sa jin daɗin ciniki sai an rage musu wani abu. Ka tsayar da farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, ka rubuta shi a littafi, don kada kunyar wata Hajiya ko nacin abokin makaranta su sa ka sayar da asara.

Hoto shi ne shagonka. Ranar Sakkwato da tsakar rana tana wanke kala, ja ya koma kamar ruwan goro, shuɗi mai duhu ya yi fari-fari. Fitilar ɗaki kuma tana sa komai ya yi ɗorawa. Ɗauki hoto da hantsi, tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10, a inuwar zaure ko bakin taga, a kan farin zane mara ado. Goge gilashin kyamara da gefen riga tukuna, musamman da hunturu, don ƙura da maiƙon hannu ke sa hoto ya yi hazo. Kowane kaya hoto uku ya isa: ɗaya gaba ɗayansa, ɗaya daga kusa yadda za a ga saƙa ko ɗinki, ɗaya a hannu don a gane girmansa. Kada ka ƙara wa hoton kala. Mafi yawan rigimar "ba wannan na zaɓa ba" daga nan take tasowa, kuma kai za ka biya kuɗin dawo da kaya. Idan takalman fata ne ko jaka, nuna ɗinkin ciki da tafin takalmin. Kada ka tsaya ga lamba 42 ko 43 kawai, tunda aikin hannu ne kuma kowane baduku da ma'auninsa; ka ce mai saye ya auna tsawon ƙafarsa da tef ya turo maka.

A rubuta farashi a ƙarƙashin kowane hoto. Ɗabi'ar nan ta "a yi min magana don jin farashi" tana korar mutane masu kunya, kuma su ne suka fi biya babu jayayya.

Game da sitatus na WhatsApp, abu biyu ya kamata a sani. Yana ɓacewa bayan awa 24, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Don haka duk wanda ya yi maka magana, ko bai saya ba, ajiye lambarsa ka roƙe shi ya ajiye taka. Haka jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda: yana ɗaukar lamba 256, amma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Hoto biyar zuwa takwas a rana ya wadatar, a ɗora bayan sallar isha'i lokacin da mutane suka natsu da waya a hannu. Mai zuba hoto arba'in a jere, wucewa ake yi, daga baya a rufe sitatus ɗinsa gaba ɗaya. Sauran kayan a zuba su a katalog na WhatsApp Business, kowanne da farashinsa. Kada kuma ka jefa mutane cikin rukuni ba da izininsu ba; idan suka yi ta kai ƙara za a iya rufe maka asusunka na WhatsApp. Idan za ka biya Facebook kuɗin talla, taƙaita shi ga inda kake iya kai kaya, kamar cikin gari da Wamakko da Bodinga, har sai ka ga yadda yake amsawa.

Amsa ta zama da wuri kuma a cike. Idan aka tambayi kaya, a ce: "Barka da yamma Hajiya. Akwai shi, saura turmi biyu, 14,500 ne. Kai wa Mabera ko Arkilla 700. Idan kin tura kafin la'asar, yau zai iso in sha Allahu." Saƙo ɗaya ya ɗauke tambaya huɗu. Wanda kuma yake tallata kayan wani shago ba nasa ba, ya tabbatar kayan suna nan kafin ya karɓi ko sisi. Karɓar kuɗi sannan a dawo a ce "ai sun ƙare, ki zaɓi wani" yana kashe amana nan take.

Wurin biyan kuɗi ba a sassauci. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ce ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna a asusu da idonka kafin kaya su bar hannunka. Masu alat na bogi kusan salonsu ɗaya: sayayya mai yawa babu neman ragi, gaggawa, da cewa "ga ɗan kabu-kabu nan na turo, yana ƙofar gida". Idan aka ce matsalar sabis ce ta riƙe kuɗin, amsa cikin ladabi ita ce, "Ba komai Alhaji, na ajiye maka kayan, da zarar sun shigo zan aiko." Ka ware asusun kasuwanci daban da na cefane. Idan harka ta fara kankama, yi wa sunan kasuwancin rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, domin baƙo daga Abuja ko Legas ya fi sakin jiki ya tura kuɗi ga asusu mai sunan da yake gani a shafinka. Kayan da za a yi oda ta musamman, kamar ɗinki ko takalmi na awo, a karɓi kafin alƙalami da ya kai kuɗin kayan aiki.

Sai ɗaure kaya, wanda a nan zafi ne babban abokin gabarsa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka. Humra da turaren mai kan tsiyaya ta bakin murfi, don haka a naɗe murfin da salatif, a sa kowace kwalba a ledarta, a tsayar da su cikin kwali, a cike gibin da takarda yadda ba za su yi karo ba. Kada a haɗa turare da yadi a kwali ɗaya. Kilishi kuma a bari ya huce sarai kafin a rufe shi. Idan aka kulle shi cikin leda da ɗuminsa zai yi gumi, ya isa da laushi, wani lokaci har da fumfuna. A naɗe shi da takarda tukuna.

A tasha, je da sassafe, saboda motocin nesa irin na Kano da Kaduna da Abuja yawanci da safe suke lodi. Rubuta sunan mai karɓa da lambar wayarsa da garin da manyan baƙaƙe a gefe biyu na kwalin. Ɗauki hoton kwalin, da lambar motar, ka karɓi lambar direba, ka tura wa mai saye dukkansu a take. Inda 'yan yuniyan ke rubuta saƙo su ba da rasit, bi ta wurinsu ko da da ɗan ƙarin kuɗi. A kuma gama magana tun farko kan wanda zai biya kuɗin mota, domin direban da ya isa aka ce masa "ai an biya daga can" yana iya riƙe kayan.

Lokacin sari ma yana da nasa lissafi. Atamfa da shadda da leshi na ƙaramar sallah su kasance a hannu kafin azumi ya kama, domin teloli kan rufe karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, kuma yadin da ya iso a goman ƙarshe sai ya jira babbar sallah. A goman ƙarshen, kayan da ba sa buƙatar tela ne ke tafiya: takalma, mayafai, huluna, turare da kayan yara.