Tekun Zanzibar ba Wikki ba ne

Ɗan Bauchi da ya taso yana faɗawa Wikki, maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, ko ɗan Gombe da ya saba wanka a gefen madatsar Dadin Kowa, idan ka tambaye shi ko ya iya ruwa sai ya yi maka dariya. Ya iya mana. Sai dai ruwan da ya iya mai zama wuri ɗaya ne. Wikki da safe da dare ɗuminsa bai gota digiri 31 ba, kana hango yashin ƙasansa, inda ka bar shi jiya nan za ka same shi yau. Yanzu da mutanenmu suka fara leƙa Zanzibar, tsibiran ƙasar Tanzaniya, musamman angwaye da matasan ma'aikata, kuma suka daina tsayawa a ɗaukar hoto a tsohon birnin Stone Town, suna neman shiga kogo da daji da tsakiyar teku, na lura yawancin kurakuran da ake yi tushensu guda: ana auna teku da ma'aunin ruwan gida.

Babban kuskure shi ne rashin sanin cewa teku yana da agogo. Sau biyu a kwana guda yake cikowa, sau biyu yake janyewa, tsakanin cikowa da janyewa kamar awa 6. A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wajejen Paje da Jambiani, idan ya janye sai ya bar fili fetal mai nisan gaske, ka ga mata sun sunkuya suna gyaran gonakinsu na ciyawar teku, wadda suke kira mwani, sun ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku. Tafiya a wannan fili har bakin duwatsun murjani tana cikin abubuwan da suka fi daɗi a tsibirin, kuma ba ta da tsada. Nan ne kuma ake shiga uku. Ruwan ba ya dawowa ta gabanka kaɗai kamar yadda kake zato. Kwaruruwan da ke bayanka yake fara cikawa, kana can kana kallon ƙananan kifaye, ka waiga ka ga hanyar da ka biyo ta zama kogi. Bambancin tsayin ruwan yakan haura mita 3 a kwanakin da ya fi ƙarfi.

Gyaran ba wuya ga wanda ya saba lissafin wata. Teku ya fi cikowa da janyewa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, kuma kullum lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti 50, don haka lokacin jiya ba zai yi maka aiki yau ba. Masaukai da yawa suna manna jadawalin ranar a allo, akwai shi kuma a intanet. Ka fita ruwa na kan janyewa, ka juyo tun bai fara dawowa ba. In ka ga matan nan sun ɗora buhunansu a ka sun nufi gari, kada ka tsaya tambaya, bi bayansu.

Wani agogon kuma na mutanen ne, shi ya taɓa kayar da mu. Mun shirya da wani mai kwalekwale, irin siririn nan mai fukafukan katako biyu da suke kira ngalawa, zai kai mu kallon kifaye. Ya ce "saa mbili". Yayana ya duba fassara a waya, ta ce ƙarfe biyu. Muka yi azahar, muka ci abinci, muka isa bakin ruwa cikin isa. Kwalekwalen na kwance a kan yashi kamar jakin da ya gaji, ruwa ya yi nisa, mai shi ya tafi harkarsa tun hantsi. Yaya ya fara faɗa, wai an ci amanarsa. Na ce, "Yaya, bari mu tambaya tukuna." Ashe Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'a: ƙarfe 7 na safe shi ne ɗayansu, biyunsu kuwa ƙarfe 8 ne. Mu muka saɓa alkawari da awa 6 cur, kuɗin kafin alƙalami ma bai dawo ba, kuma gaskiyar mutumin ce. Duk wanda ya ba ka lokaci, nuna masa fuskar wayarka ya rubuta da lamba, ka kuma tambaya ko asubuhi yake nufi. Kalmar ba za ta ba ka wuya ba, 'yar'uwar asubarmu ce.

Sai ƙafa. Silifas ba takalmin shiga teku ba ne, igiyar ruwa ta farko za ta raba ka da shi. A ramukan duwatsu akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya, ƙayarta tana karyewa a cikin nama, murjani kuma yana yanka kamar reza, ciwonsa yana saurin ruruwa. Takalmin roba mai rufe ƙafa ake saya ko a yi haya. Wanda ya riga ya taka, ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda zai iya jurewa, a cire ƙayar da ta fito fili, kada a hau tono da allura kamar ƙayar aduwa, don ƙara rududdugewa take. 'Yan garin sukan shafa ƙaron ɗanyar gwanda. In ta shiga gaɓa ko wurin ya kumbura ya yi ja, asibiti.

Rigar ceto kuwa girman kai ne ke hana mu sa ta. Na ga magidanci ya ture ta da hannu yana cewa shi a bakin Gongola ya girma. Ruwan gishiri yana ɗaga mutum fiye da na kogi, wannan gaskiya ne, shi ya sa yake ruɗi. Amma akwai igiya mai marin fuska, akwai kuma wata jan ruwa da ke kwasar mutum daga gaɓa zuwa ciki. Wanda ta kama, in ya ce zai yi kokawa da ita ya nufi tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Gefe ake yi, a bi tsawon gaɓa har a fita daga bakinta, sannan a juyo. A wurin kallon kifaye na kusa da tsibirin Mnemba da wurin kifin dolfin na Kizimkazi, daga kwalekwale ake dira cikin ruwan da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Kafin ka biya, ƙirga rigunan ceto, ƙirga kawunan fasinja. In mai jirgi yana ta ƙara mutane, sauka. Mutanen wurin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya nutse a 2011 tsakanin Unguja da tsibirin Pemba ba, lodi ya yi masa yawa.

Af, tunda an ambaci Kizimkazi: yawancin baƙi dolfin suke bi su koma, ba su san akwai masallaci a nan mai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107, ba. Ɗan Musulmi ya je har can ya wuce shi, ai an yi asara.

Hajiya, wannan taki ce. Ba wanda ya ce ki ajiye suturarki, Zanzibar garin Musulmi ne, shigar mutunci ita ce ta gari. Amma dogon hijabi da zani idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, su rufe fuska. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, riga da wando da ɗankwalin da ke kama kai, a saye su tun daga gida a gwada. Haka Alhaji mai son shiga da jallabiya. Maganar wai rana ba ta ƙona baƙar fata kuma, wanda ya kwanta rub da ciki awa biyu a kan ruwa yana leƙen kifi zai ba da labari da dare idan ƙeya da kafaɗa suka fara raɗaɗi. Sa riga mai dogon hannu, ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi.

A dajin Jozani akwai jan biri mai farin gashi a ka wanda Zanzibar ce gidansa. Wanda ya san gwaggon birin Yankari, mai fizge leda a hannun mutum har ya leƙa ɗaki, yakan zo da ɗayan biyu: ko ya ɗauki sanda, ko ya miƙa ayaba don a yi hoto. Duka kuskure ne. Waɗannan ganye suka fi ci, ba ruwansu da kai, ana son ka ba su tazarar 'yan mitoci, domin murar mutum tana kama su, cizon biri kuma allurai ne a asibiti. Daga nan akwai gadar katako da ta ratsa itatuwan mikoko masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Kogunan dutse irin Kuza na Jambiani, masu ruwa garau a ciki, su ne suka fi kama da Wikki, amma dutsen yana da santsi kuma garau ɗin yana ɓoye zurfi. Kada ka yi alkafura a ciki.

Lokacin zuwa ma ana kuskurensa. Maris zuwa Mayu, lokacin da Bauchi ke ƙuna mutum yana neman inda zai gudu, shi ne damina mai ƙarfi a can: ruwa ya gurɓace, hanyoyin daji su yi laka. Mai son koyon zamiya a kan ruwa da lemar iska a Paje, iska biyu zai bi, Kusi daga wajen Yuni zuwa Satumba, ko Kaskazi daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma wurin malami zai fara, ba hayar kaya kawai ba. Takardu a gurguje: mai fasfo ɗin Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri, kamar wata biyu kafin tafiya. Katin rigakafin ciwon shawara dole ne. Tun Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar dala 44, ka karanta ka ga ko ta haɗa da wasannin da za ka yi.

Wanda ya ƙarasa Pemba, don dajin Ngezi ko manyan jemagun nan ko tsibirin Misali, in an miƙo masa naman kififiyar teku ya ce Alhamdulillahi ya ƙoshi. Naman yakan ɗauki guba, a Maris na 2024 ma ya kashe yara 8 a tsibirin.

Na ƙarshe, masu nutso da tukunyar iska a baya. Da yawa sukan bar shi sai ranar ƙarshe, wai a rufe da mai daɗi, gobe da asuba kuma jirgin sama. A ƙarƙashin ruwa iskar naitirojin tana taruwa a jini, in aka yi sama da wuri sai ta yi kumfa a gaɓoɓi da jijiyoyi, abin yakan kai ga shanyewar jiki. Ƙa'idar masu nutso ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, 18 bayan da yawa, malamai da dama ma cewa suke a cika 24. Mai mura kuma ya haƙura, kunnensa ba zai daidaita ba. A sa nutso a tsakiyar kwanaki, ranar ƙarshe a tafi gonar kayan ƙamshi, a ga kanumfari a jikin bishiyarsa tun yana ja, a sayo wa Inna na kunu.